Dora Mavor Moore: Yadda Wasan Dandamali Ya Zama Sana'a a Toronto

Duk wanda ya shiga gidan wasa na Royal Alexandra a shekarun farko bayan buɗe shi a Toronto a 1907, baƙi zai tarar a kan dandamali. Ƙungiyoyi ne daga Landan da New York suke isowa ta jirgin ƙasa, su yi mako guda, su kwashe kuɗin ƙofa, su nausa gari na gaba. Ɗan Kanada da ke son ya ci abinci da wasan kwaikwayo sai dai ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya tsallaka iyaka, kamar yadda Mary Pickford, haifaffiyar Toronto, ta yi har ta zama tauraruwa a Amurka.

Dora Mavor ma ta wannan hanya ta fara. An haife ta a Glasgow ta Sikotland a 1888. Mahaifinta James Mavor ya samu kujerar farfesan tattalin arziki a Jami'ar Toronto a 1892, iyalinsa suka biyo shi. Mutum ne mai jama'a, wanda har da Tolstoy sukan yi musayar wasiƙu, saboda haka yarinyar ta tashi a gidan littattafai da muhawara. Ta koyi fasahar magana da wasa a makarantar Margaret Eaton, sannan ta wuce Landan, inda ta zama ɗalibar Kanada ta farko a makarantar wasan nan da yau ake kira RADA. Ta yi yawon wasa a Amurka da ƙungiyar Ben Greet, wanda ya shahara da yin wasannin Shakespeare a fili ba tare da tarkacen ado ba. A 1918 ta fito a matsayin Viola, a wani wasan Shakespeare, a dandamalin Old Vic na Landan.

Daga nan aka daina jin ɗuriyarta a manyan dandamali. Dama tun kafin nan ta auri wani limamin coci mai hidima da sojoji, Francis Moore, suka haifi 'ya'ya maza uku, auren ya mutu a 1928. Ta zauna a Toronto da yara a hannu, ta kama koyar da wasa domin tukunya ta hau wuta.

Lokacin kuwa abin da ake taƙama da shi ya rushe. Fim mai magana ya shigo, tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, ƙungiyoyin baƙi suka ɗauke ƙafa. Abin da ya rage sai 'yan sha'awa: malamai, akawuna da matan gida da ke haɗuwa da yamma. Suna da gidan wasa na Hart House a jami'a tun 1919, suna kuma da gasar ƙasa ta Dominion Drama Festival wadda Gwamna Janar Lord Bessborough ya assasa a farkon shekarun 1930. Akan raba kofuna, a yi tafi, amma ba wanda ke komawa gida da ko sisi.

A 1938 Dora ta kafa ƙungiyar Village Players. Matasa ne, yawancinsu ɗalibanta, suna zagaya makarantun sakandare na lardin Ontario da wasannin Shakespeare. Akwai wata tsohuwar rumfar dabbobi a bayan gidanta a arewacin birnin, ta gyara ta ta zama gidan wasa. A ganina nan ne jijiyar labarin take. Masu tarihi sun fi son ambaton ranar buɗe manyan gidaje, alhali gidan wasa ba ya tsayuwa sai da mutanen da suka iya fitar da murya ta kai kujerar ƙarshe, suka iya haddace dogon zance, suka san zuwa gwaji kan lokaci. Irin waɗannan ta yi shekara da shekaru tana ƙerawa, cikinsu har da Don Harron, wanda daga baya ya zama sanannen ɗan barkwanci.

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, ita da ɗanta Mavor Moore suka kafa New Play Society a 1946, da niyyar a riƙa biyan ɗan wasa ladan aikinsa komai ƙanƙantarsa. Suka samu wani ɗan zaure a ginin gidan tarihi na Royal Ontario Museum, suka buɗe da wasan marubucin Ayalan J. M. Synge, The Playboy of the Western World. Wani abu ya taimaka musu: rediyon CBC ya riga ya tara gwanayen 'yan wasa a Toronto, suna samun abin kai wa baka daga wasannin rediyo, suna kuma ƙishirwar tsayawa gaban jama'a ido da ido. Ƙungiyar ba ta tsaya kan wasannin Turai ba. Ta ɗora wasan Morley Callaghan a 1949, sannan a 1950 ta ɗora Riel na John Coulter, kan Louis Riel, jagoran al'ummar Métis da gwamnatin Kanada ta rataye a 1885. Sanya irin wannan mutum a tsakiyar dandamali a Toronto ta wancan zamani ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Abin da ya riƙe asusun kuwa raha ce. A 1948 wani wasa da aka tsara ya faskara, aka harhaɗa 'yan waƙoƙi da shaguɓe ga 'yan siyasa don cike gurbi, aka sa masa suna Spring Thaw. Jama'a suka yi caa. Ya zama na shekara-shekara har zuwa 1971.

A 1952 wani ɗan jarida, Tom Patterson, ya zo mata da mafarkin yin bikin Shakespeare a garinsu Stratford, ƙaramin garin ma'aikatan jirgin ƙasa da kasuwarsa ke ja da baya. Ita ce ta haɗa shi da darakta Tyrone Guthrie. Ranar 13 ga Yuli, 1953, aka buɗe bikin a cikin wani katafaren tanti, Alec Guinness yana fitowa a Richard III. Sai dai nasarar ta zo mata da asara. Stratford na biya fiye da ita, talabijin na CBC da ya fara aiki a 1952 ya ja wasu, har da ɗanta, gidan wasa na Crest kuma ya buɗe a Toronto a 1954. Waɗanda ta horar suka watsu inda albashi yake, wanda dama shi ne abin da ta yi ta fafutuka a kai. Ta mai da hankali kan makarantar ƙungiyar, ta ci gaba da koyarwa har cikin shekarun 1960.

Gwamnati ta ba ta lambar girma ta Order of Canada a 1970. A 1978 masu sana'ar wasa a Toronto suka kafa kyaututtukan shekara-shekara da sunanta, waɗanda har yau ake rabawa, kowa na kiran su Dora kawai. Ta rasu a watan Mayu na 1979 tana da shekara 91, kafin a kai ga miƙa wa kowa ta farko.