Tarihin Ƙananan Samfuran Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya

Samfurin jirgin yaƙi kwaikwayon jirgi ne na gaske da aka rage girmansa bisa ma'auni, a haɗa shi, a yi masa fenti, a ajiye. A cikin waɗanda masu tarawa ke ji da su akwai na Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918), zamanin da yawancin jirage ba su wuce katako da yadi da waya ba.

Sana'ar ta kankama a Ingila a 1932, lokacin da James Hay Stevens ya fito da Skybirds, samfuran katako a ma'aunin 1:72, wato inci ɗaya a samfur ƙafa shida ne a jirgi. A 1936 kamfanin FROG ya fara yin su da roba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin Airfix a Ingila da Revell da Aurora a Amurka suka arahanta su, har yaro ya iya saye da ɗan kuɗin da ke aljihunsa.

Sunan matuƙi shi ke sayar da samfur. Manfred von Richthofen, Bajamushen da ya harbo jirage 80 kafin a kashe shi ranar 21 ga Afrilu 1918, da jan jirginsa Fokker Dr.I mai fukafuki hawa uku aka san shi, alhali a jiragen Albatros ya samu galibin nasarorinsa. Irin wannan Fokker 320 kawai aka ƙera, kuma babu cikakke na asali ko ɗaya da ya rage. Nan wahalar take. Matuƙan Jamus kan yi wa jiragensu fenti irin na son ransu, hotunan zamanin kuwa baƙi da fari ne, kuma fim ɗin lokacin kan nuna rawaya tamkar launi mai duhu. Shi ya sa har yau ana gardama ko murfin injin jirgin matuƙin Jamus Werner Voss rawaya ne ko kore. Gardama ce mai daraja, domin ita ke tura mai haɗa samfur karanta tarihi.

A 2009 kamfanin Wingnut Wings na Peter Jackson, mai shirya fina-finai ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya fito da samfura a ma'aunin 1:32 waɗanda suka kai sana'ar ƙoli wajen inganci. Ya rufe a 2020, farashin akwatunansa da ba a buɗe ba kuwa ya yi tashin gwauron zabo.