Darasi Daga Wusasa Ga Mai Rubuta Labari

A shekara ta 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya yi wa jagora tare da masu bi Hausawa na ƙasar Zazzau. A 1933 kuma Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista daga Wusasa, ya rubuta tare da East. Ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari na boko, akwai hannun mai bi a ciki.

Jiki Magayi labarin attajiri ne da ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya. Saurayin ya tafi neman asirin ramuwa, masifar kuwa ta sauka a kan ɗan da aka haifa, wanda bai ci ba bai sha ba. Babu majami'a a cikin littafin, babu fasto, mutanen ciki Hausawan zamaninsu ne. Duk da haka mai karatu yakan rufe shi da sanin cewa zalunci da ramuwa ba sa barin gida a tsaye. Shi ya sa Musulmi da Kirista suka karanta shi a makarantu shekara da shekaru.

Dabarar tsohuwa ce. Annabi Natan bai fara da la'anta Sarki Dawuda ba. Labarin mawadaci da 'yar tunkiyar matalauci ya ba shi, har Dawuda ya yanke wa kansa hukunci (2 Sama'ila 12). Yesu ma da shuka da taru da yisti ya koyar, abubuwan da masu jinsa suke taɓawa kullum.

Bayan Tafida, ƙarfin ikkilisiya ya fi tafiya ga fassara da waƙoƙi da littattafan koyarwa, aikin da ya wajaba. Amma da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano daga shekarun 1980, 'ya'yanmu sun saye su sun karanta, domin a ciki suka ga kishi da auren dole da talaucin da suka sani. Mu kuwa sau da yawa wa'azi muke rubutawa, mu liƙa masa sunayen mutane, mu kira shi labari. Mai karatu yakan gane tun shafin farko, ya ajiye.

Ɗan'uwa mai hidima a Malam Madori, kayan labarinka suna ƙofar gidanka. Ga manomin da ambaliyar kogin Haɗeja ta cinye masa shinkafa da bashi a wuyansa. Ga masuncin da kacalla ta toshe wa hanyar ruwa, ga yarinyar da ake tilasta wa aure. Ka zauna da su, ka ji maganarsu, ka rubuta jarabarsu yadda take. Kada ka sa kowa ya tuba a shafin ƙarshe don kawai ka huta. Ka karanta wa zumuntar mata ko matasa kafin ka buga. Inda suka fara hamma, nan za ka gyara.

Tambaya don nazari: wane zunubi ne a ikkilisiyarka wa'azi ya kasa taɓawa, wanda labari irin na Natan zai iya?