Sake saita ƙwaƙwalwar injin babur

Sake saita ƙwaƙwalwar injin babur shi ne canza bayanan da ke cikin ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda ake taƙaita sunanta da ECU, domin babur ya yi daɗin tuƙi, ko ya ƙara ƙarfi, ko ya dace da wani sabon kayan da aka ɗaura masa. Wannan kwamfuta ita ce ke yanke yawan fetur da za a fesa wa injin da kuma lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ana yin aikin ne a baburan da ke da na'urar fesa mai ta lantarki. Baburan da ke aiki da kafireto, waɗanda su ne suka fi yawa a garuruwa irin su Zuru ta Jihar Kebbi, ba su da irin wannan kwamfuta, don haka da hannu bakanike yake saita su. Amma manufar aikin ɗaya ce, wato daidaita iska da mai da wuta.

Yadda ECU yake aiki

Injin fetur yana ƙona cakuɗen iska da mai a cikin silinda. Idan ana so man ya ƙone gaba ɗaya, ana buƙatar kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Idan mai ya fi haka yawa, injin zai sha mai, ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. Idan kuma mai ya yi kaɗan, injin zai yi zafi, ya riƙa shaƙewa idan an murɗa totur. Injin yakan ba da ƙarfinsa mafi girma ne idan mai ya ɗan fi ma'aunin, wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska ga kashi 1 na mai.

ECU yana samun labarin halin da injin ke ciki daga wasu ƙananan na'urorin awo. Akwai mai auna saurin juyawar injin, da mai auna yadda aka buɗe totur, da mai auna zafin injin, da mai auna zafi da matsin iskar da ke shiga, sai kuma wadda ke jikin salansa tana auna iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi. Daga nan sai ya duba wani jadawali da kamfani ya ajiye masa, wanda ake kira taswira. A jadawalin, gefe ɗaya saurin injin ne, ɗaya gefen kuma buɗewar totur, kowane gida yana ɗauke da lambar da ke nuna tsawon lokacin da nozul zai buɗe ya fesa mai. Akwai wani jadawalin na lokacin ba da wuta. Sake saiti yana nufin canza waɗannan lambobi.

Tarihi

Kamfanin Kawasaki na Japan ya fitar da babur mai fesa mai ta lantarki a shekarar 1980, cikin jerin Z1000. Honda ya biyo baya da CX500 Turbo a 1982, BMW na Jamus kuma ya fitar da K100 a 1983 da na'urar kamfanin Bosch. A 2006 Yamaha ya fitar da YZF-R6, wanda toturinsa ba ya buɗe ƙofar iska kai tsaye: matuƙi ya murɗa, kwamfuta ce ke yanke yadda za a buɗe. Wannan ya sa aka samu baburan da ake iya zaɓa musu yanayin tuƙi, kamar na ruwan sama da na tsere.

Abin da ya fi yaɗa fasahar shi ne dokokin rage hayaƙi. Tarayyar Turai ta fara aiki da ƙa'idar Euro 4 a kan sababbin samfurin babura a 2016, sannan Euro 5 a 2020. Indiya, inda ake ƙera baburan Bajaj da TVS, ta koma ƙa'idar BS-VI a ranar 1 ga Afrilu 2020, abin da ya sa yawancin baburan da ake sayarwa a cikin ƙasar suka bar tsohon kafireto. Sai dai kamfanonin sun ci gaba da ƙera masu kafireto domin kasuwannin Afirka, saboda arha da sauƙin gyara.

Dalilin da ya sa ake sake saiti

Kamfani yana tsara taswira ɗaya ce da za ta yi aiki a ƙasashe da yawa, kuma dole ta ci jarrabawar hayaƙi da ta ƙara. Domin haka yakan rage mai sosai a lokacin da ake tafiya a hankali da ƙaramin totur, kuma yakan datse man gaba ɗaya idan matuƙi ya saki totur yana cikin giya. Idan ya sake murɗawa, man yakan dawo lokaci guda, sai babur ya fizga. Wannan fizgar tana da wahala a cikin cunkoso, kuma tana da haɗari a kwana ko a kan yashi da laka, inda tayar baya za ta iya zamewa.

Mai saita babur domin daɗin tuƙi yakan taɓa waɗannan wurare:

- ƙara mai kaɗan a ƙaramin totur domin injin ya daina shaƙewa;
- sassauta yadda ake datse mai da yadda yake dawowa;
- tausasa amsawar totur a giya ta ɗaya da ta biyu;
- gyara silo domin injin ya daina mutuwa a tsaye;
- sa fankar sanyaya injin ta tashi da wuri, a baburan da ke sanyaya da ruwa.

Ana kuma yin saitin idan an canza salansa ko matatar iska, domin iskar da ke ratsa injin ta canza, taswirar kamfani ba ta dace da ita ba kuma. Ƙarin ƙarfin da ake samu a injin da ba a canza masa komai ba yawanci kaɗan ne. Abin da matuƙi ya fi ji shi ne laushin tafiya.

Hanyoyin yin aikin

Hanya ta farko ita ce rubuta sabuwar taswira a cikin ECU ɗin kansa. Ana haɗa kwamfuta da babur ta soket ɗin binciken matsala, ko a cire akwatin a yi aikin a kan tebur. Ƙwararru sukan fara kwafe taswirar asali su ajiye, domin a iya mayar da ita. Idan batir ya yi sanyi ko wuta ta yanke ana cikin rubutun, ECU zai iya lalacewa har babur ya ƙi tashi.

Hanya ta biyu ita ce ɗaura wani ƙaramin akwati tsakanin ECU da nozul, wanda ke ƙara ko rage man da ECU ya ba da umarni. Wanda ya fi suna shi ne Power Commander na kamfanin Dynojet da ke Amurka. Ana iya cire shi babur ya koma yadda yake, amma ba ya kai wa ga duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar.

Hanya ta uku ita ce maye gurbin ECU da wani daban, kuma an fi yin haka a baburan tsere.

Saiti mai inganci ana yin sa ne a kan na'urar gwaji da ake kira daino, inda tayar baya ke juya wani ƙaton ganga, ana auna ƙarfin injin da hayaƙinsa a kowane sauri. Taswirar da aka sauko da ita daga intanet an yi ta ne domin wani babur, da wani mai, a wani yanayi.

A Zuru da arewacin Najeriya

Zuru ita ce hedkwatar masarautar Zuru a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. Yanki ne na manoma mai tuddai da duwatsu, kuma ƙauyuka da yawa babur ne ke kai wa gare su, musamman da damina. Da shi ake kai buhunan hatsi kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, kuma shi ne jarin 'yan kabu-kabu. Baburan da aka fi hawa a arewa ƙanana ne masu silinda ɗaya, daga cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Jincheng da Honda. Kusan dukkansu kafireto gare su, da ƙaramin akwatin wuta na CDI wanda ba a sake masa bayanai.

A irin waɗannan babura, abin da ya yi daidai da sake taswira shi ne aikin da bakanike ke yi da sukudireba. Akwai sukurun silo da sukurun cakuɗa iska da mai, akwai allurar da ke hawa da sauka tare da totur, akwai kuma jet da ake iya canzawa da babba ko ƙarami. Sukuru yana tasiri a silo da ƙaramin totur, allura a tsakiya, babban jet kuma idan an murɗa har ƙarshe. Ke nan kafireto ma yana da tasa taswirar, sai dai ta ƙarfe ce.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin mai ya ninka, rage shan mai ya zama babban abin da mai babur ke nema. Hanya mafi sauƙi ita ce a matse man, amma tana da illa. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, kuma cakuɗe mai ƙarancin mai yana ƙara musu zafi. Idan aka haɗa da lodi mai nauyi, hawan tudu da zafin watannin Maris da Afrilu, bawul zai iya ƙonewa ko fistin ya kama. Kuɗin sauke injin yakan cinye abin da aka tara na mai.

Sau da yawa kuma matsalar ba ta saiti ba ce. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, iska ta ragu, babur ya riƙa shan mai. Cire matatar gaba ɗaya yana barin ƙura ta shiga ta cinye silinda. Man da aka saya a jarka wajen 'yan bumburutu kan zo da ruwa ko datti. Ko a gidajen mai an taɓa samun matsala: a watan Fabrairu 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar. Wannan ya fi shafar baburan da ke da ECU, irin manyan da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka, domin famfon mansu da nozul ba sa jure datti. Shi ya sa ake fara duba matata, fulogi, bawul, sarƙa da batir kafin a taɓa saiti.

Haɗari da doka

Gaggauta lokacin ba da wuta fiye da ƙarfin man da ake sha yana sa injin ya riƙa ƙwanƙwasa, abin da ke fasa fistin. Taswirar da aka yi domin fetur mai lambar oktan 95 ko 98 na Turai ba lallai ta dace da Najeriya ba, inda yawancin gidajen mai nau'in fetur ɗaya suke sayarwa. Ƙara mai da yawa kuma yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, yana lalata na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa. Ɗaga iyakar juyawar injin yana rage masa kwana. Kamfanoni kuma sukan janye garanti idan suka gano an taɓa ECU.

A ƙasashe da dama doka ta hana saitin da ke ƙara hayaƙi a baburan da ake hawa a titi. A watan Agusta 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 a Amurka, bayan da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta zarge shi da sayar da kusan na'urorin saiti 340,000 da ke sa babura su wuce ƙa'idar hayaƙi. A Najeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ce ke kula da ƙa'idojin muhalli, kuma akwai dokar hayaƙin injunan fetur da dizal ta 2011. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na jihohi su ne ke lura da ingancin abin hawa a kan hanya.

Duba kuma

- Babur
- Acaɓa
- Man fetur
- Zuru