Alƙalin gefe da ya gani ya yi shiru

A filin kokowar Maraɗi, mai ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, gwarzon da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975, idan kaye ya zo da gardama sai idon ƴan kallo ya koma kan alƙalan gefe, ana jira a ji ko wanda ya gani zai buɗe baki.

Irin wannan gardama ta daɗe tana cin Amurkawa a wasan besbol. Tsohuwar ƙa'idarsu ta hana alƙali tsoma baki a hukuncin abokinsa sai in shi mai hukuncin ne ya nemi taimako. An yi haka ne don kare mutuncin alƙali, kada kowane kociya ya riƙa zagayawa yana neman wanda zai ba shi gaskiya.

Ranar 2 ga Yuni 2010 a Detroit, wani mai jifa ɗan Benezuwela, Armando Galarraga, ya fitar da masu bugu 26 a jere. Saura ɗaya ya shiga sahun ƴan tsirarun da suka taɓa kammala wasa ba wanda ya kuɓuce musu. Na 27, Jason Donald, ya ruga zangon farko, ƙwallo ta riga shi isa, amma alƙali Jim Joyce ya ce ya tsira. Abokansa uku suna filin, hukunci ya zauna. Da Joyce ya kalli hoton daga baya ya amsa kuskurensa, ya nemi gafarar Galarraga da hawaye, amma shugaban gasar besbol, Bud Selig, ya ƙi sauya sakamako.

A ganina babu laifi ga abokan Joyce, don shi ne mafi kusa, tazarar kuma ba ta kai taku ɗaya ba. Abin da ya faru a Boston cikin Oktoba 2013 daban ne. A wasan farko na gasar ƙarshe, alƙali Dana DeMuth ya ce an fitar da ɗan wasa Dustin Pedroia, alhali ƙwallon ta suɓuce daga hannun mai cafewa kowa yana kallo. Sauran alƙalan biyar suka taru kansa, suka soke hukuncin. A 2014 aka faɗaɗa amfani da bidiyo a gasar.

Masu kallon ƙwallon ƙafa ma sun ga irin wannan gardama ranar 12 ga Janairu 2022, a Limbe ta Kamaru, tsakanin Mali da Tunisiya. Alƙali Janny Sikazwe ɗan Zambiya ya busa tashi a minti na 85, aka ankarar da shi, wasa ya ci gaba, ya sake busawa kafin minti 90 ya cika. Lissafin agogo ne kawai, kuma mataimakansa ma da nasu a hannu. An ce zafin rana ne ya buge shi. Da aka kira ƴan Tunisiya su dawo fili sun ƙi, hukumar CAF ta yi watsi da ƙararsu, Mali ta tafi da ci ɗaya da nema.