Talauci da Rumbu a Ƙasar Katsina

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ratsa ƙasar Kankiya, zai ga garuruwa irin su Tafashiya kewaye da gonakin gero da dawa. Mutanen nan manoma ne tun kakanninsu, ba kuwa malalata ba ne. To, me ya sa talauci ya ƙi rabuwa da su? Bari mu bi tarihi mu gani.

A zamanin dā arzikin magidanci yana cikin rumbunsa. Uba da 'ya'yansa sukan yi noman gandu tare, a ajiye hatsin bana saboda baɗi. In shekara ta ɓaci, sai a fasa tsohon rumbu, mai shi kuma ya taimaki marar shi da zakka da rance. Ko a lokacin akan yi yunwa, amma akwai abin tarar ta.

Cikin 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, ba a daɗe ba cinikin gyaɗa ya buɗe. Ga kuma haraji, wanda sai da kuɗin Turawa ake biya. Saboda haka manomi ya shiga sayar da amfanin gona da kaka. Da ruwa ya ƙi a 1913, sai aka auka yunwar nan ta 1914 da ake kira Kakalaba, mutane masu yawa suka hallaka. Bayanta aka yi 'Yar Buhu a 1927, da 'Yar Gusau a 1942. Fari ya sake aukuwa daga 1972 zuwa 1974, sa'an nan cuta ta kashe gyaɗa a 1975, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari.

Amma fa ba fari kaɗai ke talauta mutum ba. Cikin 1967 wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, tana binciken zaman manoma. Ta tarar matalauci yakan sayar da hatsinsa da arha da kaka don biyan bashi, ya komo ya saya da tsada da bazara. Da damina ta faɗi, rumbunsa wayam, sai ya tafi ƙodago a gonar wani, tasa kuwa ciyawa ta cinye. Kaka ta zo, ya sami kaɗan, ya sake cin bashi. Ka ga talaucin bana shi ya haifi na baɗi.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 1990 fiye da mutum ɗaya cikin uku na duniya yana cikin matsanancin talauci, amma a 2015 ya ragu zuwa wajen ɗaya cikin goma. Mafi yawan ragin nan a Asiya aka same shi. Ƙasar Sin ta faro daga 1978, ta bar manoma su mori abin da suka noma, ta kuma kafa masana'antu, har mutum wajen miliyan 800 suka fita daga talauci cikin shekara arba'in. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin kawar da matsanancin talauci kafin ƙarshen 2030, sai annobar korona ta 2020 ta mai da hannun agogo baya.

A Nijeriya ma an yi ƙoƙari, kamar shirin raya noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya. Duk da haka ƙidayar gwamnati ta 2019 ta nuna mutum 40 cikin 100 suna cikin talauci. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun tsuke saboda rabon gado, 'yan bindiga kuma sun hana noma a sassa da dama na Jihar Katsina.

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, maganin talaucin manomi ya samu abin ci da damina, don ya tsaya a gonarsa. Wannan kuwa sai da zaman lafiya, da taki a kan kari, da rance marar zalunci, da sana'ar rani, da ilmin lissafin abin da aka girbe da wanda za a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.