Wa Ke Da Ikon Rufe Gidan Caca A Sabon Birni?

Wanda duk ya je sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Birni ko ta Isa neman lasisin buɗe gidan caca zai dawo hannu rabbana, domin babu takarda mai wannan suna. Amma ko a ƙauye irin Burkusuma, muddin waya na kama intanet, matashi na iya zuba kuɗinsa a kan wasan ƙwallon Ingila. Yadda aka zo wannan hali tarihi ne na ikon da ya riƙa nisa da mutanen da abin ya shafa.

A zamanin En'e, doka ta ba sarki da majalisarsa damar kafa ƙa'idojin hana caca ko taƙaita ta. Mai unguwa ya san rumfar da ake karta, ya san 'ya'yan wa ke zama a cikinta. Ɗan doka ya kama, alƙali ya hukunta. Kundin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya mai da riƙe gidan caca laifi. Sai dai daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, sannan gyaran 1976 ya maye gurbinta da ƙananan hukumomi marasa kotu, marasa ɗan sanda.

Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma a jadawalinsa na huɗu: kasuwanni, tashoshin mota, shaguna, gidajen abinci, har da lasisin sayar da giya. Bai ambaci caca ba. A shekarar 2000 Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa shari'ar Musulunci, ƙarƙashin Gwamna Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa. A shari'a kuwa caca haramun ce, ba abin ba wa lasisi ba. Shekara biyar bayan haka, a 2005, gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta kafa hukumar ba kamfanonin caca lasisi a ƙasa baki ɗaya. Aka wayi gari Abuja na halatta abin da jiha ta haramta.

Kotun Ƙoli ce ta warware wannan a ranar 22 ga Nuwamba, 2024, a ƙarar da Legas ta shigar tun 2008. Ta ce caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya Abuja kaɗai ta shafa. Hukuncin bai ƙara wa ƙaramar hukuma komai ba, amma abin da ya faru a Kano wata guda kafin nan ya nuna inda ƙarfinta yake. Da Hisba ta rufe shagunan caca talatin, ta ce da lasisin wasannin bidiyo masu su suka fake. Ashe ta ƙofar takardar shago caca ke shigowa, kuma wannan takarda a hannun ƙaramar hukuma take. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: jami'in da ke karɓar kuɗin shago ya kamata ya leƙa ya ga abin da ake yi a ciki.

Ko da ya leƙa, ikonsa a bakin iyaka ya tsaya. Gobirawan Maraɗi da Tsibiri 'yan uwan na Sabon Birni ne, amma a Nijar gwamnati ce da kanta ke gudanar da caca ta kamfaninta na LONANI. Waya kuma ba ta da ƙofar da za a garƙame. Uban da ɗansa ya saka kuɗin taki a caca, yau mai unguwa zai fara kai wa kuka, mutumin da doka ta daɗe da karɓe wa sanda.