Makaman Sojan Dutse na Ƙasar Rumaniya

Ƙasar Rumaniya tana gabashin Turai, a bakin Baƙin Teku. Waɗansu manyan duwatsu da a ke kira Karpat sun ratsa ta tsakiyarta kamar lauje, ga kurmi, ga kwazazzabai, ga ƙanƙara da kan rufe hanyoyi watanni. Cikin 1916 ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, sojan dutse na Jamus kuwa suka matsa mata a mashigan duwatsun nan. Ganin haka, ran 3 ga Nuwamba 1916 aka kafa wata runduna ta dabam, aka ba Kyaftin Birjil Badulesku shugabancinta. Sunanta da harshensu shi ne maharban dutse.

To, shi yaƙin dutse ba ɗaya ya ke da na fili ba. Inda mota ba ta zuwa, duk abin da soja zai yi yaƙi da shi sai ya hau bayan mutum ko bayan alfadari. Saboda haka tambaya ta fari a kan kowane makami ita ce nauyinsa, sa'an nan a tambayi ƙarfinsa.

A yaƙin farko sun fito da bindigar Mannlicher ta 1893. Cikin 1916 Faransa ta aiko da hafsoshi ƙarƙashin Janar Bertelo, daga baya kuma bindigogi da hulunan kwano, da su aka yi gumurzu a duwatsun Oituz cikin watan Agusta 1917.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu sai Rumaniya ta juya wajen ƙawarta Cekoslobakiya, wadda maƙeranta suka shahara. Daga garin Brno ta sayo bindigar da a ke kira ZB 24, mai cin harsashi 5, faɗin bakinta milimita 7.92. Har wa yau ta sami ƙaramar bindiga mai ruwa, ZB 30, mai ƙafa biyu, wadda a kan kafa mata gidan harsashi 20 a bisa. Mutum ɗaya ya kan ɗauke ta, abokinsa ya bi shi da harsashi. Wannan har Rumaniya ta sami izinin ƙera ta a garin Kujir. Babbar bindiga mai ruwa kuwa, ZB 53, mai ƙafa uku ce, sai an raba ta tsakanin mutane kafin a hau tudu da ita.

Amma abin mamaki cikin kayansu shi ne igwar dutse ta kamfanin Skoda, ƙirar 1915, mai baki milimita 75. Nauyinta ya ɗara kilo 600, amma an yi ta yadda za a kwance ta kashi 6, kowane kashi a ɗora wa dabba guda. In an kai bisa tudu sai a sauke, a harhaɗa, a soma wuta, harsashinta kuwa ya kan ci kusan mil 5. Akwai kuma waɗansu ƙananan igwa irin na Brandt, ƙirar Faransa, masu baki milimita 60 da 81, waɗanda a kan yi wa laƙabi da turmi. Su sama su ke cilla harsashi, ya haye ƙoƙuwar dutse ya faɗo a kan wanda ya ɓuya bayansa. A ƙasar duwatsu babu makamin da ya fi wannan amfani, gama bindiga ba ta harbin abin da ba ta gani.

Tufafinsu ma dabam ne. Alamarsu ita ce wata faffaɗar hular ulu mara baki, da ƙyalle kore a wuyan riga. Su kan sa takalma masu ƙusoshi, wando a tsuke a idon sawu, ran faɗa kuwa hular kwano irin ta Holan. A kan koya musu hawan dutse da igiya da ɗan gatarin saran ƙanƙara, da tafiya bisa dogayen katakai biyu da a kan ɗaura a ƙafa a sulala. Lokacin sanyi su kan rufa da farin mayafi don su saje da ƙanƙara.

Cikin 1941 shugaban ƙasar, Antonesku, ya bi Hitila zuwa yaƙin Rasha. Sojan dutse suka yi faɗa a Kirimiya, suna cikin waɗanda suka ci Sebastopol a 1942, wajen ƙarshen shekarar kuma rundunar Janar Dumitrake ta ci garin Nalcik a gindin duwatsun Kokasas. Amma nan ne aibin kayan nan ya fito fili. Sau da yawa a kan jefa su faɗa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda tankokin Rasha ke yawo yadda suka so. Igwar da aka yi domin bayan alfadari ba ta huda sulken tanki irin T-34, ƙananan igwan milimita 47 da aka ba su ma sai an yi kusa ƙwarai. Sauƙin nauyin da ya cece su bisa dutse shi ya ba da su a fili, mazaje da yawa suka halaka ta haka.

Wata matsala kuma, tun Maris 1939 Jamus ta mamaye Cekoslobakiya, maƙeran Brno da Skoda suka koma hannunta. Daga nan Rumaniya sai ta ba da man fetur ɗinta ta jira abin da Jamus ta ga damar bayarwa. Ta dai yunƙura ta ƙera nata: igwar turmi mai milimita 120 a garin Reshitsa, da gajeriyar bindiga mai ruwa, Oritsa, wadda ta kai hannun soja cikin 1943. Amma ba su wadatar ba.

Ran 23 ga Agusta 1944 Sarki Mika'ilu ya kama Antonesku, ƙasar ta juya wa Jamus baya. Da bindigogin nan dai sojan dutse suka kori Jamusawa ta Hangari har duwatsun Cekoslobakiya, ƙasar da aka ƙera su, har yaƙi ya ƙare cikin Mayu 1945.

Har yanzu Rumaniya tana da sojan dutse, suna bikin tunawa kowane 3 ga Nuwamba. Mai karatu ya lura da abu biyu: kowane makami da wurin da aka yi shi dominsa, kuma ƙasar da makaminta ke hannun wani, shawararta ma tana hannunsa.